Ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa

Ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa wani fanni ne na ɗaukar hoto da ake yi a cikin teku, tafki, kogi, kogon ruwa ko wurin wanka, galibi a lokacin nutso. Masu yin sa sun haɗa da masu nutso da tukunyar iska a baya, wato nutson sukuba, da masu nutso ta hanyar riƙe numfashi, da kuma masu iyo a saman ruwa da bututun shaƙar iska. Akan ɗauki hoton kifaye, duwatsun murjani, ɓaraguzan jiragen ruwa da suka nitse, kogwanni da su kansu masu nutson. Wasu na yi don nishaɗi, wasu don sana'a, wasu kuma don binciken kimiyya.

Abin da ya bambanta wannan fanni da ɗaukar hoto a tudu shi ne ruwan da ke tsakanin kyamara da abin da ake ɗauka. Ruwa yana shanye haske, yana cinye launuka ɗaya bayan ɗaya, yana kuma rage kaifin hoto. Saboda haka ƙwarewa a fannin ta dogara ne kan abubuwa uku: iya sarrafa jiki a cikin ruwa, matsawa kusa da abin da za a ɗauka, da kawo haske daga fitila don maido da launin da ruwa ya ɗauke. Tsadar kyamara tana zuwa ne a bayan waɗannan.

Tarihi

A shekarar 1856 wani Bature ɗan Ingila mai suna William Thompson ya saka kyamara a cikin akwati, ya zura ta cikin ruwa daga kwalekwale a gaɓar Weymouth da ke kudancin Ingila. Hoton da ya samu dishi-dishi ne, kuma shi kansa bai shiga ruwan ba, amma ana lissafa shi a matsayin hoto na farko da aka ɗauka a ƙarƙashin ruwa.

Wanda ya fara shiga ruwa da kyamara a hannu shi ne Louis Boutan, masanin halittu ɗan Faransa. Ya fara aikin a 1893 a Banyuls-sur-Mer da ke bakin Bahar Rum, sanye da kayan nutso masu hular ƙarfe da ake tura wa iska daga sama. Kyamarorin wancan zamani suna buƙatar mintuna masu yawa kafin hoto ɗaya ya kama, don haka ya yi ta gwajin hanyoyin samar da haske a cikin ruwa. A shekarar 1900 ya wallafa littafi a kan wannan fanni.

A 1914 John Ernest Williamson ya ɗauki hoto mai motsi a tsibiran Bahamas daga cikin wani ɗaki na ƙarfe mai tagar gilashi, wanda ke rataye a ƙarƙashin jirgi ta wani dogon bututu. A 1926 kuma W. H. Longley da Charles Martin suka ɗauki hotuna masu launi na farko a ruwan Dry Tortugas da ke jihar Florida ta Amurka. Sun kunna hodar magniziyam a kan wani dandali da ke shawagi a saman ruwa domin haskensa ya kai ƙasa. Mujallar National Geographic ta buga hotunan a watan Janairun 1927.

Babban sauyi ya zo ne a 1943, lokacin da Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi mai suna Aqua-Lung. Daga nan mai nutso ya samu damar yawo a cikin ruwa ba tare da igiya ko bututu daga sama ba. Hans Hass ɗan ƙasar Ostiriya ya taimaka wajen ƙera akwatin Rolleimarin na kyamarar Rolleiflex a shekarun 1950. Fim ɗin Cousteau da Louis Malle mai suna Le Monde du silence ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1956, abin da ya jawo hankalin jama'a da dama ga rayuwar cikin teku.

A farkon shekarun 1960 aka fitar da Calypso, ƙaramar kyamara da ba ta buƙatar akwati, wadda Jean de Wouters ɗan Beljiyam ya tsara. Kamfanin Nikon ya karɓi tsarin, ya fitar da ita da sunan Nikonos a 1963, kuma ta zama kyamarar da yawancin masu nutso suka dogara da ita na tsawon shekaru. A zamanin fim, mai nutso yana da damar ɗaukar hoto 36 kacal a nutso ɗaya, kuma ba ya ganin sakamako sai an wanke fim. Zuwan kyamarar dijital ya kawar da wannan ƙangi: yanzu ana duba hoto nan take a gyara kuskure tun ana cikin ruwa, abin da ya sa koyo ya yi sauri ƙwarai.

Yadda ruwa ke sauya haske

Ɓacewar launuka

Hasken rana haɗakar launuka ne, kuma ruwa ba ya shanye su daidai wa daida. Ja ne ke fara ɓacewa, a kusan zurfin mita 5. Ruwan lemo yana biye da shi a wajen mita 10, sannan rawaya a wajen mita 20, sai kore. Shuɗi ne ke kaiwa zurfi mafi nisa, shi ya sa hoton da aka ɗauka ba fitila yake fitowa shuɗi baki ɗaya. Waɗannan alƙaluma kiyasi ne na ruwan teku mai tsabta. A tafki ko gaɓar da ke da tsiro da laka da yawa, hoton kan rine ne zuwa kore ko ƙasa-ƙasa.

Abin lura shi ne, ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba. Duk tafiyar da haske ya yi a cikin ruwa tana rage masa launi, ko daga sama zuwa ƙasa ko a kwance. Idan kifi yana zurfin mita 3 kuma kyamara tana nesa da shi da mita 3, hasken ya yi tafiyar mita 6 kafin ya shiga kyamara. Haka ma hasken fitila: yana zuwa wurin kifin ya dawo, don haka nisan mita 2 tafiyar mita 4 ce. Wannan ne dalilin da ya sa ko fitila mai ƙarfi ba ta maido da jan launi idan abin ya wuce nisan mita 1 zuwa 2.

Lanƙwasar haske

Haske yana lanƙwasa idan ya fita daga ruwa ya shiga iska. Ma'aunin wannan lanƙwasa a ruwa kusan 1.33 ne. Sakamakon haka, abin da aka kalla ta shimfiɗaɗɗen gilashi, kamar tabarau na nutso, yakan bayyana ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sabon mai ɗaukar hoto yakan ɗauka ya isa kusa alhali da saura, kuma yakan saita fitilarsa a gaban kifin maimakon a kansa.

Tartsatsin haske

Ko ruwan da ido ke gani garau yana ɗauke da yashi, laka da ƙananan halittu masu shawagi. Idan hasken fitila ya faɗa a kansu a daidai gaban kyamara, sai su dawo da shi kai tsaye, hoton ya cika da fararen ɗigo kamar yayyafi. Wannan matsala ita ce ta fi ɓata hotunan masu koyo, musamman waɗanda ke amfani da filashar da ke manne a jikin kyamara, domin tana dab da lensi.

Kayan aiki

Kyamarorin da ake amfani da su kashi uku ne. Akwai ƙananan kyamarorin motsi irin su GoPro, waɗanda sababbinsu ke jure zurfin mita 10 ba tare da kariya ba, su kai mita 60 idan an saka su a akwatinsu. Akwai ƙananan kyamarori masu jure ruwa, kamar jerin Tough TG da ke kaiwa mita 15. Sai kuma manyan kyamarori masu canza lensi, waɗanda tilas a saka su a cikin akwati na musamman.

Akwatin kariya akan yi shi da roba mai tauri ko da alminiyam, kuma kowane nau'in kyamara yana da nasa, domin maɓallan waje su dace da na ciki. Abin da ke hana ruwa shiga shi ne zoben roba da ke zagaye da bakin murfi da kowane maɓalli. Matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar sararin duniya ɗaya a kowace mita 10, don haka kowane akwati yana da iyakar zurfin da aka rubuta masa.

A gaban akwati akwai tagar da lensi ke leƙawa. Shimfiɗaɗɗiyar taga ta dace da hoton ƙananan halittu, tun da tana ƙara musu girma. Taga mai siffar ƙwarya kuwa ita ake sa wa lensi mai faɗin gani, domin tana hana ruwa ƙuntata faɗin da lensin ke kamawa. Irin wannan taga tana sa kyamara ta ga abin kamar yana dab da gabanta, shi ya sa ake buƙatar lensin da ke iya saitawa a kusa, kuma akan tsuke ƙofar haske domin gefunan hoto su yi kaifi.

Lensi biyu ne suka fi amfani. Na farko mai faɗin gani ne, musamman wanda ake kira idon kifi, wanda ke ba da damar tsayawa dab da babban abu kamar jirgi ko garken kifi amma a kama shi duka. Na biyu shi ne na hoton kusa, galibi mai milimita 60 ko 100, don ƙananan halittu irin su jatan lande da ƙaguwa. Lensin hango nesa ba shi da wani amfani a cikin ruwa, domin yana kawo hoton kusa ne ba tare da rage ruwan da ke tsakani ba.

Fitilu iri biyu ne: filasha mai walƙiya sau ɗaya, wadda ta fi ƙarfi kuma take tsayar da motsi, da fitila mai ci gaba da haske, wadda ake amfani da ita wajen bidiyo. Ana ɗora su a kan hannuwa masu gaɓoɓi domin a iya nisanta su daga lensi.

Iya nutso kafin riƙe kyamara

Malaman nutso kan shawarci mai koyo da ya ƙware wajen daidaita jikinsa a ruwa kafin ya ɗauki kyamara. Abin nufi shi ne ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba ya nitsewa ba ya tasowa, ba tare da ya dafa komai ba. Ana samun haka ta hanyar ɗaura dalma daidai gwargwado, da ƙara ko rage iska kaɗan-kaɗan a rigar iska, da kuma sarrafa numfashi: shaƙa tana ɗaga jiki kaɗan, fitarwa tana saukar da shi.

Wanda bai iya wannan ba yana fuskantar matsala uku a lokaci guda. Hotonsa yana girgiza, ƙafafunsa suna tayar da yashin da ke cika ruwa da gurɓi, kuma yana karo da murjani. Shi ya sa masu ɗaukar hoto ke koyon bugun ƙafa irin na kwaɗo, wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa, da kuma bugun ja da baya, wanda ke ba su damar janyewa daga abin da suka ɗauka ba tare da sun juya sun buge shi ba.

Nauyin kyamarar ma yana shiga lissafi. Akwati mai nauyi yana jan gaban jiki ƙasa yana gajiyar da wuyan hannu, don haka akan ɗaura masa abubuwa masu tasowa har sai nauyinsa a ruwa ya kusa zama babu.

Dabarun ɗauka

Matsawa kusa. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko. Rage ruwan da ke tsakani yana ƙara launi da kaifi, yana kuma rage tartsatsi. Yawancin kyawawan hotuna ana ɗaukar su ne a nisan da bai kai mita 1 ba. Ana matsawa a hankali, ana numfashi a natse, domin ƙarar kumfa da saurin motsi suna korar kifi. Bin kifi a guje ba ya haifar da komai sai hoton wutsiya.

Ɗauka daga ƙasa zuwa sama. Hoton da aka ɗauka daga sama yakan haɗe kifi da duwatsun da ke ƙarƙashinsa. Idan mai ɗauka ya sauka daidai da idon kifin ko ƙasa da shi kaɗan, sai kifin ya fito sarai a kan shuɗin ruwa. A hoton kowace dabba, ido ne wurin da ya kamata ya fi kaifi.

Haɗa haske biyu. A hoton faɗi akwai hasken rana da ke haska bayan fage, da hasken filasha da ke haska abin da ke gaba. Walƙiyar filasha gajeruwa ce ƙwarai, don haka saurin ƙiftawar kyamara ba ya shafar ta, hasken rana kaɗai yake shafa. Idan aka ƙara saurin, shuɗin baya ya yi duhu. Idan aka rage, ya yi haske. Abin da ke gaba kuwa ana daidaita shi da ƙarfin filasha da girman ƙofar haske. Masu ɗauka da yawa kan fara da f/8, sauri 1/125 da ISO 200, su saita shuɗin baya tukuna, sannan su kunna filasha. A hoton kusa akan tsuke ƙofar zuwa f/16 ko f/22 domin zurfin kaifi ya ƙaru. Yawancin kyamarori ba sa aiki da filasha idan saurin ya wuce 1/200 ko 1/250.

Wurin ajiye fitila. Don kauce wa tartsatsi, ana buɗe hannuwan fitilu zuwa gefe, a ja su baya kaɗan da tagar akwati, a karkata su waje kaɗan. Ta haka gefen hasken ne ke taɓa abin da ake ɗauka, ruwan da ke daidai gaban lensi kuma ya zauna ba haske. Idan abin ya matso kusa, sai a matso da fitilun kusa da akwati.

Aiki da hasken rana kaɗai. A ruwa marar zurfi ana iya samun hoto mai kyau ba fitila, musamman daga hantsi zuwa azahar lokacin da rana take tsaye, kuma idan tana bayan mai ɗauka. Ana saita ma'aunin fari da hannu ta hanyar nuna wa kyamara farin allo ko farin yashi, a kuma sake saitawa duk lokacin da zurfi ya canza. Wasu na sa jan gilashi a gaban lensi don rage rinjayen shuɗi. Ba a haɗa shi da filasha, domin abin da ke kusa zai rine ja. Idan kuma aka fuskanci rana, ana samun hoton inuwa, inda siffar kififiya ko mai nutso ke fitowa baƙa a kan hasken sama.

Hoton rabi da rabi. Wannan hoto ne da rabinsa ke nuna saman ruwa, rabi kuma ƙarƙashinsa. Yana buƙatar babbar taga mai siffar ƙwarya, ruwa mai kwanciya da tsukakkiyar ƙofar haske. David Doubilet, wanda ya daɗe yana aiki da National Geographic, yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan salo.

Hanyoyin inganta ƙwarewa

Lokacin da ake samu a ƙarƙashin ruwa kaɗan ne, galibi bai wuce awa ɗaya ba a kowane nutso, don haka ana yin yawancin koyon ne a waje. Mai koyo yakan saba da maɓallan akwati a tudu har ya iya sarrafa su ba tare da dubawa ba, sannan ya gwada a wurin wanka da ƙananan abubuwa masu launi, yana sauya nisa da wurin fitila yana kwatanta sakamako.

A cikin teku, an fi samun ci gaba idan aka shiga da manufa ɗaya. Maimakon ɗaukar duk abin da ya gifta, sai a zaɓi abu marar motsi, kamar soson teku ko tauraron teku, a ɗauke shi sau da yawa ana canza abu ɗaya a kowane karo. Allon kyamara yakan yaudari ido a cikin duhun ruwa, ya nuna hoto ya fi yadda yake haske, don haka ƙwararru sun fi dogara da jadawalin haske da kyamara ke nunawa.

Sanin halin dabbobi yana da muhimmanci daidai da sanin kyamara. Akwai wurare a jikin murjani da manyan kifaye ke zuwa su tsaya ƙananan kifaye su tsabtace musu jiki, kuma wanda ya san su yakan jira a gefe har kifin ya zo da kansa. Wasu ƙananan halittu kuma ba sa rabuwa da irin tsiron ko murjanin da suke zaune a kai, don haka sanin gidan shi ne hanyar samun mai gidan. Jagororin nutso na yankin su ne suka fi kowa sanin waɗannan wurare.

Bayan fitowa akan gyara hoto a kwamfuta. Ɗauka a tsarin RAW yana adana bayanan launi da yawa, yana ba da damar gyara ma'aunin fari da goge 'yan ɗigon tartsatsi. Sai dai gyara ba ya maido da jan launin da bai shiga kyamara ba tun farko, kuma ba ya kaifafa hoton da aka ɗauka daga nesa. Ƙungiyoyi irin su ƙungiyar masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1967, suna shirya taruka da gasa inda masu koyo ke nuna aikinsu a yi musu gyara.

Kula da kayan aiki

Yawancin shigar ruwa cikin akwati daga kuskuren haɗawa yake zuwa. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan zoben roba ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, kuma ruwan gishiri yana lalata kyamara cikin ɗan lokaci. Saboda haka akan cire zoben a duba shi a wuri mai haske, a goge raminsa, a shafa masa man silikon kaɗan, sannan a rufe ba cikin gaggawa ba. Wasu akwatuna suna da famfon da ke zuƙe iskar ciki, da fitilar da ke nuna ko akwai yoyo tun kafin a shiga ruwa.

Ana saka ƙunshin sinadari mai shanye laima a ciki don hana taga yin hazo, kuma ba a barin akwati a rana. Ba a tsalle cikin ruwa da babbar kyamara a hannu, sai dai a miƙo ta daga jirgi bayan an shiga. Bayan kowane nutso ana jiƙa akwatin a ruwan daɗi ana danna maɓallansa domin gishiri ya fita kafin ya bushe.

Tsaro

Kyamara tana ɗauke hankali, kuma a nan haɗarin yake. Mai nutson da idonsa ke kan allo yana iya mantawa da duba ma'aunin iskarsa, ko zurfinsa, ko abokin nutsonsa. A zurfin mita 30 matsi ya ninka na sama sau huɗu, don haka iskar tukunya tana ƙarewa da sauri sau huɗu. Daɗewa a zurfi kuma yana tara iskar naitirojin a jiki, wadda ke iya zama kumfa a jini da gaɓoɓi idan aka taso da gaggawa. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce, masu takardar matakin farko kuma galibi ba sa wuce mita 18. An saba tsayawa na minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Wani haɗari da ya keɓanta da masu ɗaukar hoto shi ne riƙe numfashi don kada kyamara ta girgiza. Iskar da aka shaƙa a zurfin mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin a iso sama, kuma tasowa ko da kaɗan ne da numfashi a riƙe na iya yi wa huhu rauni. Ƙa'idar nutson sukuba ita ce kada a riƙe numfashi, don haka akan danna maɓalli ne a lokacin fitar da numfashi a hankali. Haka kuma, idan ruwa ya fara shiga akwati, ba a tasowa a guje don ceton kyamara. Ana juya tagar ta kalli ƙasa domin ruwan ya taru nesa da kyamarar, a taso da saurin da aka saba.

Kare muhalli

Murjani ba dutse ba ne kawai, tarin ƙananan dabbobi ne masu rai da ke gina ƙashi a hankali, wasu nau'o'in ba sa ƙaruwa fiye da santimita 1 zuwa 2 a shekara. Bugun ƙafa ɗaya na iya karya abin da ya ɗauki shekaru yana girma. Masu ɗaukar hoto suna matsawa kusa fiye da sauran masu nutso, don haka nauyin da ke kansu ya fi yawa.

Ƙa'idojin da aka amince da su sun haɗa da barin taɓa halittu ko matsar da su don hoto ya yi kyau, barin ciyar da kifi, barin tare wa kififiya hanya idan za ta hau shan iska, da taƙaita yawan walƙiya a kan ƙananan halittu irin su ƙaramin dokin teku da tsawonsa bai kai santimita 3 ba. Shirin Green Fins, wanda hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke mara wa baya, yana koyar da cibiyoyin nutso irin waɗannan ƙa'idoji. Manyan gasanni da dama kuma suna ƙin karɓar hoton da ya nuna an takura wa dabba.

Wuraren da suka shahara

Bahar Maliya tana cikin wuraren da aka fi zuwa saboda tsabtar ruwanta da yawan murjani. A ɓangaren Masar akwai gandun Ras Mohammed da aka kafa a 1983, da ɓaraguzan jirgin Thistlegorm na Birtaniya da jiragen saman Jamus suka nutsar a 1941, wanda har yanzu babura da motoci ke cikinsa. A ɓangaren Sudan akwai Sanganeb, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, da jirgin Umbria na Italiya da ma'aikatansa suka nutsar kusa da Port Sudan a 1940, da kuma Sha'ab Rumi inda Cousteau ya gina gidajen gwaji a ƙarƙashin ruwa a 1963.

A Indunusiya, mashigin Lembeh ya yi suna wajen ƙananan halittu masu ban mamaki da ke zaune a kan baƙin yashi, Raja Ampat kuma wajen yawan nau'o'in murjani da kifi. A gaɓar gabashin Afirka ta Kudu, ƙaurar kifin sadin tsakanin Mayu da Yuli tana jawo masu ɗaukar hoton manyan dabbobin da ke farautarsa.

Amfani

Baya ga nishaɗi da fasaha, hotunan ƙarƙashin ruwa kayan aiki ne na bincike. Masana suna ɗaukar wuri ɗaya shekara bayan shekara don auna yadda murjani ke yin fari yana mutuwa idan ruwa ya yi zafi. Ana gane kowane kifin shak mai girman kifin whale ta tsarin ɗigon jikinsa, da kowane kifin manta ta tabon cikinsa, don haka hotunan da masu yawon buɗe ido ke aikawa suna taimakawa wajen ƙidaya su da bin ƙaurarsu. Masu binciken kayan tarihi suna haɗa ɗaruruwan hotuna a kwamfuta su fitar da cikakkiyar siffar jirgin da ya nitse ba tare da sun ɗaga komai ba. Injiniyoyi kuma suna amfani da hotuna wajen duba ƙasan jiragen ruwa, ginshiƙan gada, madatsun ruwa da bututun mai.